Daga C an mayar da mu Java, kaina ya ɗaure

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne ni. Bara mun yi yaren rubuta manhaja na C kuma na gane shi sarai: ka rubuta fankshin, wato guntun umarni mai yin aiki ɗaya, ka kira shi, aiki ya bi layi daga sama zuwa ƙasa. Bana an kawo yaren Java, ko sannu zan buga a allo sai na buɗe kilas, wato ƙunshin da ke haɗa bayanai da ayyukansu. Don Allah ina ainihin bambancin tsarin bin matakai irin na C da OOP, wato tsarin kilas da obijek irin na Java? Manhajar adashe nake son yi a furojet ɗina, da wanne ya fi dacewa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin dubawa shi ne wa ke da ikon taɓa bayanai. A C za ka zuba sunan ɗan adashe da kuɗinsa cikin struct, wato ƙunshin bayanai zalla, ka rubuta fankshin zuba() da kwasa() a gefe. Duk fankshin ɗin da struct ɗin ya shiga hannunsa zai iya canza kuɗin, ko da bisa kuskure. Ranar da lissafi ya ƙi daidaita, sai ka bi fayil-fayil kana neman mai laifi. A Java kuwa, kilas ɗin DanAdashe ne ke riƙe da kuɗin da ayyukan a wuri guda. Ka sa wa kuɗin alamar private, babu mai taɓa shi daga waje sai ta ƙofar ayyukan kilas ɗin kamar zuba(), a nan za ka tare duk zubin da bai cika ba. Kowane mutum a adashen obijek ne da aka fitar daga kilas ɗin.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne Malam, sai dai kada yaron ya ɗauka C tsohon yayi ne. Dennis Ritchie ya fito da shi wajen 1972, har yau zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, galibinta da shi aka rubuta. OOP ma ai ya girmi C, tun 1967 yaren Simula ya zo da kilas a Norway. Java ce ta zo daga baya, a 1995. Ƙaramin aiki mai layi hamsin bai buƙatar kilas.

Amsa ta uku: Ɗana, adashe na da mutane, da zubi, da zagayen kwasa, don haka yi shi da Java. Amma ka yi hattara da gado, wato kilas ya gaji bayanai da ayyukan wani kilas. Ɗalibai da sun koyi extends, kalmar da ake yin gadon da ita, sai su yi ta jera kilas kan kilas, a taɓa na sama na ƙasa duk su rikice. Kilas uku sun ishe ka.

Mai tambaya: Na gode Hajiya. To uwar adashe fa, ita ma kilas zan yi mata?

Amsa ta uku: In tana zubi, ɗan adashe ce kamar kowa. Ka dai nuna a kilas ɗin Adashe, mai wakiltar adashen gaba ɗaya, cewa ita ke riƙe da kuɗin.