Masarautu biyar na halittu: ku da kuka wuce wurin, yaya kuka yi?

Zainabu, Agege

Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Ina aji shida na sakandare, bana zan zauna WAEC da JAMB in Allah ya yarda. Babin rarraba halittu ne ya tsaya mini a wuya. Sunayen na haddace su tsaf: Monera, Protista, Fungi, Plantae, Animalia. Amma da an kawo wata halitta an ce a wace masarauta take, kuma me ya sa, sai kaina ya ɗaure. Don Allah kowa ya faɗa mana abin da ya gani a nasa lokacin.

Bashir, Idi-Araba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Haddar sunaye ba ta kai mutum ko'ina a babin nan. Malamin da ya yi mana lesin tambaya uku ya koya mana mu riƙa yi wa kowace halitta. Ƙwayar halittarta (cell) tana da cibiya (nucleus) da fata ta kewaye ko babu? Ƙwaya ɗaya ce ko masu yawa? Ta yaya take samun abinci? In babu cibiyar, magana ta ƙare, Monera ce, wato bakteriya da danginsu. In akwai, kuma ƙwaya ɗaya ce tal, akasari Protista. Sauran ukun a wajen ci suke rabuwa: tsiro da kansa yake haɗa abincinsa da hasken rana, dabba haɗiyewa take yi ta narkar a ciki, fangai kuwa, wato Fungi irin su naman kaza, sai ya zuba sinadarin narkarwa a kan abincin, ya narke a waje, sannan ya tsotse. Robert Whittaker, wanda ya kawo tsarin biyar ɗin a 1969, a kan irin waɗannan ma'aunai ya gina shi. Da su na shiga ɗakin jarabawa, kuma ban yi nadama ba.

Nura mai burodi, Agege

Ni ban ci gaba da karatu ba bayan sakandare, amma fangai dai na san shi hannu da hannu, don a gidan burodi nake aiki. Yis ɗin da muke zubawa a kwaɓin fulawa rayayye ne. Sukari yake ci, ya fitar da iska, ita ke sa kwaɓin ya kumbura har ya tasa murfin kwano. Kuma ƙwaya ɗaya ne, amma a Fungi yake, ba a Protista ba, to ki kula da tambayar Bashir ta biyu, tana da ƙofar baya.

Ki samu yankan burodi, ki ɗan yayyafa masa ruwa, ki ɗaure a leda ki ajiye bayan kabad. Da damshin Legas ba zai daɗe ba za ki ga farin gashi-gashi kamar auduga ya rufe shi, daga baya ƙananan baƙaƙen ɗigo su fito a kan zaren. Galibi Rhizopus ke nan da kike gani a littafi, baƙaƙen kawunan kuma a cikinsu irinsa yake. Kada ki buɗe ki shaƙa. Da kin ga ba kore ko ɗis a jikinsa, ba wanda zai sake ce miki naman kaza tsiro ne ki yarda.

Malam Habu, Mushin

Nura ya yi magana, Allah ya yi albarka. Ni ina koyar da bayoloji, bari in faɗa muku inda yara suka fi zubewa a hannuna.

Euglena ce ta farko. Tana da kulorofil, koren sinadarin nan na ganye, tana haɗa abinci da rana kamar tsiro. Tana kuma da bulala guda da take iyo da ita, da jan ɗigo mai gane haske, ba ta da bangon ƙwaya, in duhu ya daɗe sai ta koma tsotsar abinci daga ruwa. Irinta ne suka rikita tsohon tsarin Linnaeus, ɗan Suwidin da ya raba masu rai gida biyu, tsirrai da dabbobi, a 1735. Sai a 1866 Ernst Haeckel ya buɗe musu gida na uku, Protista. In an tambaye ki siffofinta na tsiro da na dabba, ki raba su fili, kada ki cakuɗa. Masu duba takarda ba sa tsayawa tsince miki.

Sai gansakuka, nan ne ma ake rigima. Mai shuɗi-kore, duk da sunanta, bakteriya ce, tana Monera. Spirogyra kuwa, koren zaren nan mai santsi da ke kwanciya a kan ruwan da ba ya gudu, littattafai ba su haɗu a kanta ba. Manhajar JAMB ta sa ta a Thallophyta ƙarƙashin tsirrai, wasu littattafan sun kai ta Protista. Yara kan zo mini da littafi biyu a hannu, a fusace, wai wanne ne ya yi ƙarya. Babu maƙaryaci. Rarrabawa aikin mutane ce, tana sauyawa in ilimi ya ƙaru. Ki nemi manhajar jarabawar da za ki zauna ki bi ta.

Bairas kuma ba ya cikin ko ɗaya daga biyar ɗin. Ba ƙwayar halitta ba ne, ba ya hayayyafa sai ya shiga jikin mai rai.

Maman Hanifa, Obalende

Malam, a gafarce ni, ni uwa ce kawai mai zama kusa da mai karatu. 'Yata ta dage cewa abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro bakteriya ne. Takardar gwajin jinin ƙaninta na ɗauko mata, ga Plasmodium rubuce. Ta koma littafi ta same shi a Protista, shi kuma sauron da ke ɗauko shi a Animalia. Taifod ne na bakteriya. Tun ranar ba ta sake haɗa su ba.

Auwalu, Mile 12

Ni a rumfar babanmu na yi nawa bitar. Sunayen kimiyya na fara da su: albasa Allium cepa, masara Zea mays, wake Vigna unguiculata. Sunan farko da babban harafi, na biyu da ƙarami, a ja wa kowanne layi daban in da hannu ake rubutu. A firatikal ana rasa maki a kan wannan ɗan layin da kuma kuskuren harafi, abin haushi.

Dabbobi kuma ƙafa nake ƙirgawa. Kyankyaso da fara shida, ƙwari ne. Gizo-gizo da kunama takwas, nasu ajin daban. Kaguwa da jatan lande da Yarbawa ke kasawa a tire goma-goma, in kin haɗa da hannuwan cizon. Dukkansu Arthropoda ne, wato dabbobi masu ƙafafu gaɓa-gaɓa, a aji suke rabuwa. Jemage ma kada fiffike ya ruɗe ki, gashi gare shi kuma yana shayarwa.

Zainabu, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Bashir, na ga wani bidiyo yana cewa an daina biyar, yanzu uku ne. Wanne zan rubuta?

Bashir, Idi-Araba

Ukun ba masarautu ba ne, wani mataki ne a samansu. Carl Woese ya gano a 1977 cewa abin da ake tarawa a Monera iri biyu ne masu nisa da juna, sai a 1990 shi da abokan aikinsa suka kawo Bacteria, Archaea da Eukarya. Mu da tsirrai da fangai da Protista duk a Eukarya muke. A jami'a za ki sha shi har ki ƙoshi. A WAEC da JAMB biyar za ki rubuta.

Malam Habu, Mushin

Haka ne. Zainabu, ki zana Euglena da Rhizopus da fensir, ki ja layukan suna da rula, kada su gitta juna, ki turo mana nan kafin Juma'a in duba.