Shin ƙarin albashi ne ke jawo tsadar kaya?

Ɗan kasuwa, Kano: Ni dai ina nan kan bakana cewa ƙarin albashi wahala yake ƙara wa talaka. Duk wanda ya ga zamanin Udoji a 1975, wato lokacin da aka ƙara albashin ma'aikatan gwamnati bisa shawarar kwamitin Udoji, ya san yadda aka zuba wa ma'aikata kuɗin ariya, farashi ya tashi nan take. Ranar da aka sanar da naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Yulin 2024, mai gidan haya da mai shago duk sun ji, kuma kowa ya gyara lissafinsa.

Malamin firamare, Katsina: Alhaji, ina roƙon a duba abin da ya riga wani zuwa. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sannan aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Fiye da shekara guda muka yi kan tsohon albashi na 30,000, alhali hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari kafin a sa hannu kan sabuwar dokar. Ta yaya abin da ya zo daga baya zai zama sanadin abin da ya gabace shi?

Tsohon ma'aikacin gwamnati, Kaduna: Malam ya yi gaskiya, kuma lamarin ya girmi wannan gwamnati. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, lokacin da naira ta fi dala daraja. Naira 18,000 ta 2011 ta haura dala ɗari, tana sayen buhun shinkafa har a samu ragowa mai kauri, amma a ƙarshen 2024 naira 70,000 ba ta kai dala hamsin ba, kuma buhu ɗaya ya fi ƙarfinta.

Ɗan kasuwa, Kano: Baba, ban musa lissafinka ba, sai dai ma'aikacin gwamnati yana da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi masa yajin aiki. Wa zai yi wa ɗan dako?

Mai ɗinki, Zariya: A nan kam ina tare da Alhaji, ko da yake dalilinmu ya bambanta. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka yaran shago da masu aikin gida ba su cikin lissafin. Matan da ke kawo mini ɗinki, waɗanda a da suke sayen kwanon masara, yanzu gwangwani-gwangwani suke awo, kuma yawancin mazajensu ba su taɓa karɓar albashi ba. Malam, shin ku malaman ƙananan hukumomi ma an fara biyanku sabon albashin cikakke?