Wa ya taɓa ganin mai shan ƙwaya ya maƙale a kan abu ɗaya?

Mai gyaran waya, Aboabo, Kumasi: Salamu alaikum 'yan Zango. Yaron shagona ya faɗa shan ƙwayar hana barci. Ran nan na bar masa waya ɗaya ya gyara. Da asuba na tarar ya kwance huɗu, ya jera sukurorinsu a tebur, yana wargazawa yana sake jerawa. Ko ɗaya bai gyara ba.

Ɗalibar haɗa magunguna, Ayigya: Wa alaikumus salam, Yaya. Ni a ɓeraye na gani, a ɗakin gwaji. Ka yi wa ɓera allurar amfetamin kaɗan, wani magani mai hana barci da ƙara kuzari, sai ya yi ta zagaye keji. Da ka ƙara, yawon ya ƙare: ya kafe a lungu guda yana shinshina, yana lasa, yana gaigayar ƙarfe, ga abinci a gefensa ko kallo. Amfetamin na sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su kwararo dofamin, sinadarin da suke aika wa juna saƙo da shi, hodar iblis kuwa hana su kwashe wanda suka zubo take yi. In dofamin ya yi wa sashen ƙwaƙwalwa da ke zaɓar motsi yawa, sai motsi ɗaya ya danne sauran. Tun 1967 wasu masu bincike, Randrup da Munkvad, suka bayyana haka a Denmak. Mun ba wani ɓeran haloperidol, mai toshe wa dofamin hanya, gaigayar ta tsaya.

Tsohon direba, Asawase: 'Yata, kin tuna mini. Zamanin da nake jan babbar mota zuwa Bawku, yaron motata ya kwana a Tamale yana goge fitila ɗaya da tsumma. Ni kuwa har yabonsa na yi, wai ƙwazo!

Hajiya mai goro: Ku dai kar ku sako goro a ciki. Shekara talatin ina ci.

Ɗalibar haɗa magunguna: Kwantar da hankalinki, Hajiya. Kafeyin na goro wata ƙofar yake bi, adenosin mai kawo gyangyaɗi yake tarewa. Barci dai zai hana ki.

Malamin makaranta, Sabon Zango: Amma na ga kura a wani gidan zu tana kai da kawowa a layi ɗaya har ta fitar da turba. Wa ya ba ta ƙwaya?

Ɗalibar haɗa magunguna: Babu, Malam. Dogon kulle ma yana jawo shi.

Mai gyaran waya: Na gode, ƙanwata. Gobe in Allah ya kai mu zan samu baban yaron, mu kai shi asibiti.