Mi za mu kira irin su Picasa da Lightroom da Hausa?

Mai sutudiyo, Birnin Kebbi:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu Hausa da masu kwamfuta duka. Irin manhajar nan da ake sa ma kwamfuta ta bi folda folda ta tattaro duk hotunan da ke ciki ta jera maka su, ka duba, ka zaɓi na zaɓe, ka ɗan taɓa haske da kala, kamar Picasa ta da ko Lightroom ko ACDSee, mi za mu kira ta da Hausa? Yara nake koya ma aiki a shago kuma ina son in rubuta masu 'yar takarda da za su riƙa dubawa, to nan na cije. Don Allah kada wani ya ce min manhajar gyaran hoto, wannan Photoshop kenan kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Photoshop hoto guda za ka buɗe ka zauna kansa, ka canza bango, ka goge ƙuraje, ka sa ma mutum kwat a fasfo. Wagga kuwa hoto dubu biyu na biki za ka zuba mata lokaci guda, kuma babban aikinta shi ne in an zo neman wani hoto bayan shekara uku ka fiddo shi kafin mai shi ya gama gaisawa.

Ɗan Jega:
Wa alaikumus salam oga. Albam mana, mi ya yi zafi. Kowa ya san albam, har kakata.

Mai sutudiyo, Birnin Kebbi:
Ƙanena albam ai abu ne da ke cikin manhajar, kai ke haɗa shi da kanka, ka ce ga albam na ɗaurin aure ga na suna. In ka kira manhajar duka albam to albam ɗin da ke cikinta kuma ka kira shi mi?

Malamar makaranta, Argungu:
Ni dai taskar hotuna ta fi kwanta min, ko rumbun hotuna. Gidajen rediyo ma suna cewa taska ga shirin da aka adana tsofaffin abubuwa, kunne ya riga ya saba.

Mai gyaran kwamfuta, Gusau:
Malama ki yi haƙuri amma waɗanga biyun su ne na fi jin tsoro, taska da rumbu, har da ma'ajiya in wani zai kawo ta. Dalili kuwa duk suna nuna hoton na CIKIN manhajar ne, alhali ba ya ciki, kuma wannan fahimtar ita ke sa mutane asara. Bari in yi bayani don da yawa masu amfani da ita ma ba su sani ba. In ka shigo da hotuna Lightroom ta kwamfuta, wadda ake ce ma Classic, hotunan suna nan inda suke a folda, ko kan kwamfuta ko kan hadis na waje, wato faifan ajiya na kwamfuta (hard disk). Abin da take yi shi ne ta buɗe wani fayil nata da ake ce ma katalog, sunansa na ƙarewa da .lrcat, ta rubuta cewa hoto kaza yana folda kaza, an ɗauke shi rana kaza, an ba shi tauraro huɗu, an ƙara masa haske kaza, sannan ta yi ƙaramin kwafi na gani kawai ta aje don kada ta riƙa nauyi wajen buɗewa. To wannan ƙaramin kwafin shi ke ruɗin mutane. An taɓa kawo min laftof wani yaro ya ga hadis ya cika ya bi foldojin ya goge su sarai har kwandon shara ya zubar, wai ai hotunan na cikin Lightroom ga su nan yana gani. Kuma da gaske ana ganinsu, amarya na murmushi da lallenta, sai dai kowane hoto da 'yar alamar motsin rai a kusurwa, kowace folda da alamar tambaya a gefe, ka ce a fitar da shi a wanke ta ce babu fayil. Kaɗan muka iya ceto. Yanzu in aka koya ma yaro cewa sunanta rumbun hotuna ai mun ba shi hujja kenan.

Picasa ma haka take, ba ta kwashe hoto ta kai wani wuri, ɗan fayil take ɓoyewa cikin kowace folda mai suna .picasa.ini nan take rubuta gyaran da ka yi, in kuma ka matsa mata ta adana gyaran sai ta tura na asalin wata ɓoyayyar folda. Shi ya sa za ka gyara hoto ka dawo bayan wata biyu ka ce ka fasa, ya koma yadda yake.

Malamar makaranta, Argungu:
To Malam na janye rumbu. Amma fa ban san haka abin yake ba wallahi.

Ɗan Jega:
Picasa dai Allah ya jiƙan rai. Har yau akwai ta a kwamfutar shagonmu.

Mai gyaran kwamfuta, Gusau:
Tana aiki ai, Google ce dai ta daina kula da ita tun 2016 bayan ta fito da Google Photos a 2015. Asalinta ma ba ta Google ba ce, wani kamfani ya fitar da ita a 2002 Google ta saye a 2004 ta mai da ita kyauta, shi ya sa ta cika kafe da shagunan hoto lokacin. Wanda ke son ta kyauta da ake ci gaba da gyarawa ya nemi digiKam ko darktable, Lightroom kam yanzu biya ake wata wata ko shekara shekara. Amma mu koma kan suna kada oga ya kore mu.

Dattijo mai nazarin Hausa, Gwandu:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka. Kafin a ƙirƙiri kalma a duba yadda Hausa ke gina nata. Muna da ma- a gaba da -i a baya don kayan aiki, mabuɗi, magogi, mataji. Muna da ma- da -a don wuri, makaranta, marina, majema, mahauta. Muna da na mai aikin, manomi, maɗinki, maƙeri. To sai a tambaya, ita wannan aba wuri ce, ko kayan aiki, ko ma'aikaciya? Bayanin yaron nan na Gusau ya nuna ba wuri ba ce, don haka matattarar hotuna ma da na so in kawo ta faɗi, duk da ana cewa matattarar bayanai. Saura kayan aiki. Daga tsara sai a ce matsarin hotuna, amma a rubuce mutum zai ɗauka daga matsa ne ko matsi. Daga shirya sai mashiryin hotuna, shi kuma 'yan fim sun riga sun riƙe shi. Sannan ku kula da tsawo. An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa shekara da shekaru a rediyo, amma a kasuwa kwamfuta ake cewa, wayar tafi-da-gidanka ma ta koma waya kawai. Yanar gizo ta zauna saboda gajeruwa ce kuma tana da daɗin faɗi. Ita kanta manhaja da kuke ta faɗi, mu da muka yi koyarwa tsarin karatu muka sani da ita, daga Larabci, daga baya aka ɗora mata wannan sabon kaya ta ɗauka. Don haka ba dole sai an ƙera sabuwa ba, ana iya ɗauko tsohuwa a faɗaɗa ta.

Mai sutudiyo, Birnin Kebbi:
Allah ya ƙara girma Baba. To bari in faɗi yadda aikin yake a hannu ko wani ya ji kalmar ta faɗo masa. Ɗauki bikin kamun kifi na Argungu. Ka tsaya bakin kogin Matan Fada tun safe, ana ba da alama dubban mutane su ruga cikin ruwa da homa da gora, kai kuma yatsanka na kan maɓalli ba ɗagawa, kafin a fito da giwan ruwa a kai sikeli ka cika memori biyu. Ka dawo gida kyamara ta ba su suna irin nata, Canon ta ce IMG da lamba, Nikon ta ce DSC da lamba, kuma in lambar ta kai 9999 sai ta koma farko, wato kana iya samun hoto uku masu suna ɗaya sak a kwamfuta guda, na Argungu da na bikin Rigata ta Yauri da na sunan ɗan maƙwabcinka. Sunan fayil ba ya gaya maka komai. Ita manhajar ba sunan take bi ba, akwai bayanin da kyamara ke cusawa cikin kowane hoto, EXIF ake ce masa, rana da lokaci da irin kyamarar da lens, waya ma har wurin da aka tsaya in an kunna mata. Da shi take jera su, shi ya sa nake faɗa da yara su saita agogon kyamara, in ba haka ba hoton bana sai ya tafi ya kwanta cikin na shekarar da aka ƙera kyamarar. Daga nan sai tankaɗe, wanga ya yi duhu a jefar, wanga mutum ya rufe ido a jefar, wanga tauraro biyar, wanga a sa masa ja don mai shi ya biya, sai ka liƙa masu kalmomi, Argungu, homa, Sarkin Ruwa, kokawa. Gyaran ma jimla ake yi, ka daidaita hasken guda ɗaya ka ce a yi ma sauran ɗari biyu haka tunda rana ɗaya ta haska su. Kullum kana cikin duba su ne, wa ya ɓata, wa ya shigo sau biyu, wa ke buƙatar magani.

Malamar makaranta, Argungu:
Yaya tsaya. Wanga da kake faɗi ai kiwo ne. Makiyayi dabbobin ba cikinsa suke ba kuma sau da yawa ba nasa ba ne ma, amma ya san kowace da kamanninta da gidan da ta fito, ya san wadda ta ɓata, ya ware marar lafiya ya yi mata magani. Makiyayin hotuna.

Ɗan Jega:
Kai! Anti ta kawo wuta.

Mai gyaran kwamfuta, Gusau:
Ma'anar ta zauna daram, don ba wanda zai ji makiyayi ya ce bari in yanka garken tunda makiyayi na nan. Sai dai ni da ke Zamfara in gaya maku gaskiya, kalmar makiyayi a 'yan shekarun nan ta ɗauki nauyin da ba nata ba, ka rubuta ta a allon shago sai hira ta koma wani wuri, wani ya yi barkwancin da bai kamata ba, wani ya ji an taɓa shi, kuma bayin Allah masu kiwonsu na halal ba su ci a ja sunansu cikin wasa ba. Ni da a bar mai aikin a ɗauki aikin.

Dattijo mai nazarin Hausa, Gwandu:
Ɗana ka yi magana. Kuma kiwo ta fi makiyayi faɗi tun asali. Kiwon lafiya muke cewa, ba wanda ke tuna saniya in ya ji ma'aikatar kiwon lafiya. Muna cewa Allah ya kiyaye, a kiyaye doka, kula da tsarewa duk suna ciki. Manhajar kiwon hoto. Jam'i ba dole ba ne, yadda muke cewa mai hoto ko wankin hoto ba mu ce mai hotuna ba. Kuma tana ba da aikatau cikin sauƙi, wanda shi ne gwajin da kalmomi da yawa ke faɗuwa, kana iya ce ma yaro je ka yi kiwon hotunan jiya kafin ka fara gyara.

Ɗan Jega:
Baba ni fa dariya za ta hana ni faɗi, kwastoma ya shigo in ce masa ina kiwon hoto ya ce nawa ne buhun dusa.

Dattijo mai nazarin Hausa, Gwandu:
Ranar da aka fara cewa wankin hoto ma wani ya tambayi sabulu, ɗana. Ga shi yau ko ruwa ba a taɓawa firinta ke fitarwa kuma wanki kuke cewa.

Wata mai ɗaukar hoton biki, Kaura Namoda:
Sannunku. Ni matsalata da ita ɗaya ce, ina gyaran ya shiga? Mu mata masu hoton biki rabin zamanmu kan kalar fata da ta leshi ne, fitilar holi ta mai da farin leshi ruwan ɗorawa amarya ta ce ba kayanta ba ne, sai ka ja ma'aunin zafin kala baya kafin ya dawo fari, kuma in da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya fi dawowa da kyau bisa ga JPEG don shi JPEG kyamara ta riga ta dafa shi ta zubar da saura. Duk a Lightroom nake wannan ban buɗe Photoshop sai in za a cire wani daga hoto. In an ce kiwo kawai kamar an manta da mu.

Mai sutudiyo, Birnin Kebbi:
Hajiya ba a manta ba, ita kanta Lightroom ai ɗaki ɗaki ta raba abin, ɓangaren jerawa daban na gyara daban, tun fitowarta a 2007 haka take. A takardar sai in sa sunan duka manhajar kiwon hoto, a ciki in ce tana da ɓangaren jeri da ɓangaren gyara. Photoshop da GIMP su riƙe manhajar gyaran hoto. Irin su IrfanView da mai buɗe hoto na Windows da babban aikinsu shi ne ka buɗe ka gani ka wuce na gaba, waɗannan madubin hoto ya ishe su, ko Baba?

Dattijo mai nazarin Hausa, Gwandu:
Madubi ya yi, daga duba yake. Katalog kuma ku ce rajista, kowa ya san rajistar makaranta sunan yaro ke ciki ba yaron ba.

Mai gyaran kwamfuta, Gusau:
Rajista ta yi min ɗari bisa ɗari. Oga ka sa da manyan baƙaƙe a shafin farko cewa goge folda goge hoto ne, kuma in za a matsar da folda a matsar da ita daga cikin manhajar don rajista ta san inda ta koma. Sannan a riƙa kwafe rajistar kanta zuwa wani hadis, in ta lalace hotuna na nan amma taurari da kalmomi da duk gyaran shekaru sun tafi.

Wata mai ɗaukar hoton biki, Kaura Namoda:
To na yarda da kiwon hoto amma ni a bakina Lightroom zan ci gaba da cewa, a rubutu dai na bi ku.

Mai sutudiyo, Birnin Kebbi:
Ba laifi Hajiya. Na rubuta manhajar kiwon hoto, madubin hoto, manhajar gyaran hoto, rajista. Saura waɗannan kalmomin da ake liƙa ma hoto don nema, yaran shago tag suke cewa, ni na sa lamba sai ta rikice da lambar fayil, na sa alama ita ma ta rikice da taurari da kaloli. Baba in akwai wata a kusa a taimaka kafin Asabar, ranar zan kai takardar a buga.

Dattijo mai nazarin Hausa, Gwandu:
Sa laƙabi.