Musayar waƙa a kan ma'ajiyar hanya da tunawa

Bakano:
Akwai wata gaɓa a can cikin ƙwaƙwalwa,
Hifokamfas, mai kama da dokin teku wajen lanƙwasawa.
Ita ke riƙe hanyar gida da ta kasuwa,
Da ranar da ka ɓace a Kurmi kana yaro, ita ke tunawa.

Bazazzagi:
Bakano ya haddace suna ya taho da rawa,
Hujja kuwa ya bar ta a Kurmi wajen sayarwa.
Masani O'Keefe a Landan, 1971, shi ya fara ganowa:
Ƙwayar hifokamfas da sai ɓera ya taka gurbi guda take farkawa.

Gwaggo Asabe:
Madalla da ɗan Zazzau. Wannan shi ne baitin da ke ɗauke da ilimi, domin binciken nan ne ya kai O'Keefe ga lambar yabo ta Nobel a 2014, tare da May-Britt da Edvard Moser.

Bakano:
Ina zancen mutum, kai ɓera kake kiwatawa,
Gwaggo kuma ta rataya kalangu tana zugawa.
Ina ka bar Henry Molaison, da farfaɗiya ke kayarwa?
A 1953 aka yanke masa mafi yawan hifokamfas, dama da hagu, don warkarwa.
Ciwo ya lafa, ƙuruciyarsa ma yana tunawa,
Amma baƙon hantsi kafin azahar ya bi mantuwa,
Sabon gidan da suka koma, hanyarsa ta ƙi zaunawa.

Malam Na-Aruli:
Ku yi haƙuri in tsoma baki. Ɗango na huɗu na Bakano ya zarce 'yan'uwansa nesa ba kusa ba, kuma baiti mai ɗango bakwai ba zai zauna cikin musayar da aka fara da ƙwar huɗu ba.

Gwaggo Asabe:
Dama tun baitin farko karin nasa ke ɗingishi.

Bazazzagi:
Malam, ajiye ma'auni, ga wani abin aunawa,
Direbobin tasi na Landan masaniya Maguire ta bi da dubawa.
A 2000 ta ga sashen baya na gaɓar tasu ya yi ƙaruwa,
Gwargwadon shekarun da suka yi tituna suna haddacewa.
Bakano kuwa ko Kurmi sai da ɗan jagora yake kewayawa.

Malam Na-Aruli:
Kai ma ka yi biyar, kuma har yanzu babu wanda ya nuna mini yadda ake rera 1953 ba tare da kari ya karye ba.