Yaren da nake haɗawa ya ce 10 - 3 - 2 tara ne

Ɗan_Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan ina haɗa wani ɗan ƙaramin yaren kwamfuta, ina rubuta shi da yaren Python, kalmominsa na Hausa: idan, maimaita, rubuta. Sashen da ke tsinka rubutu kalma-kalma ya zauna. Wajen li'irabi, wato gano yadda kalmomin suka haɗu da juna, na maƙale. Da farko ƙa'idata ita ce: lissafi → lissafi - adadi. Ina kunnawa sai aikin (function) da na rubuta wa ƙa'idar ya yi ta kiran kansa, bai karanta ko harafi ɗaya ba, har Python ta tsayar da shi wajen kira na 1000. Sai na juya ta: lissafi → adadi - lissafi. Ya daina sandarewa, amma yanzu 10 - 3 - 2 na ba ni 9 maimakon 5. Jiya har biyun dare ina kai. Ina na kauce?

Baba_Linux: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gudun gara ka yi ka faɗa gidan zago. Zana bishiyar li'irabin a takarda ka gani: ta karkata dama, wato 3 - 2 ake fara yi, sannan a ɗebe 1 daga 10. Bar kiran kai a nan. Karanta adadin farko ka riƙe, ka buɗe `while`, umarnin maimaitawa na Python: muddin abin da ke gaba + ne ko -, karanta na gaba, ka haɗa shi da na hannunka, sakamakon ya zama sabon na hannu. Ninkawa da rabawa kuma ka ba su nasu matakin a ƙasa, in ba haka ba gobe ka dawo mana da 2 + 3 * 4 ya zama 20.

Maman_Hanif: Ƙa'idarka ta farko fa lafiyarta ƙalau, cikin manhajojin da ke haɗa maka sashen li'irabi daga ƙa'idoji, Bison ma irinta ya fi so, ANTLR 4 kuma yana karɓa. Salon da kake rubutawa da hannu ne ba ya ɗaukarta. In matakan suka yi maka yawa, nemi dabarar masanin kwamfuta Vaughan Pratt ta 1973: kowace alama da lambar ƙarfinta, aiki ɗaya ya wadatar.

Ɗan_Samaru: Allah Ya saka da alheri, Yaya, 5 ta fito! Aunty, Pratt sai bayan jarrabawa. Sai dai wata ta ɓullo: na sa wa wani adadi suna 'ya'ya, mai tsinka kalmomin ya ga ' ya ɗauka alamar buɗe zance ce.

Baba_Linux: Ka ware " ita kaɗai ga zance, ' kuma ta shiga sahun haruffa tare da ɓ, ɗ, ƙ. Gwada ka faɗa mana.