Neman Shawara: Allon Laptop Ɗina Ya Sauya Bayan An Ɗora Sabon Windows

Mai tambaya, daga Gwale:
Assalamu alaikum. Ina da HP EliteBook 840 G3 da na saya ta hannu, kuma da ita nake buga takardun makarantar da nake koyarwa. Da ta yi nauyi, sai na kai aka goge ta aka ɗora mata Windows 10, amma tun daga ranar rubutu ya yi manya-manya, hotuna sun miƙe ta gefe har da'ira ta koma kamar ƙwai, hasken allon ma ya ƙi raguwa. A Display settings, 1024 x 768 kaɗai nake gani, kuma wurin ya ƙi danno. Wanda ya yi aikin ya ce sikirin ne ya fara mutuwa, a sauya shi. Don Allah masana ku ba ni shawara kafin in kashe kuɗi.

Mai gyaran kwamfuta, Beirut Road:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sauya sikirin, domin alamomin da ka lissafa ba nasa ba ne. Idan aka ɗora Windows sabo ba tare da direban hoto ba (wato manhajar da ke haɗa Windows da katin hoto, sashen da ke fitar da hoto a allo), tsarin yakan yi amfani da wani direba na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda aikinsa kawai ya nuna maka hoto, bai san ainihin girman allonka ba, kuma shi ya sa maɓallan haske suka daina aiki. Miƙewar kuwa ta zo ne saboda 1024 x 768 tsarin 4:3 ne, alhali allonka mai faɗi ne, 16:9.

Ka danna maɓallin dama na mouse a kan Start, ka buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Display adapters. In ka ga wancan sunan, magana ta ƙare. Kwamfutarka tana amfani da Intel HD Graphics 520, saboda haka ka shiga shafin HP na intanet, ka rubuta samfurinta ko lambar da ke manne a ƙasanta, ka sauke direban hoto, ka ɗora, sannan ka kashe ta ka kunna. Wannan samfurin yakan zo da allon 1366 x 768 ko 1920 x 1080, kuma wanda ya dace da naka zai fito da kalmar Recommended a gefensa.

Wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Rijiyar Zaki:
Bayanin Injiniya ya wadatar, sai dai in ƙara abu guda da ke yawan faruwa da mu masu amfani da datar waya. Windows Update yakan sauko da direban da kansa, amma idan an saita layin a matsayin metered connection don tattalin data, ba zai sauke ba. Malam, ka kashe wannan saitin na ɗan lokaci, sannan ka leƙa Optional updates, domin a can direbobi suke zama wani lokaci suna jiran a zaɓe su.

Wani ma'aikacin ofis, Tarauni:
Ni dai a ganina ya nemi irin manhajar nan da ke tattara direbobi gaba ɗaya, ya huta da wahala.

Mai gyaran kwamfuta, Beirut Road:
Yallabai, ban goyi bayan wannan ba ga mutumin da yake ajiye takardun ɗalibai. Irin waɗannan manhajoji da ake saukewa daga shafukan da ba a sani ba sukan shigo da tallace-tallace da ƙwayoyin cuta, wani lokaci kuma su ɗora direban da bai dace ba allon ya yi baƙi. Duk wanda bai san irin katin hotonsa ba, ya buɗe Properties na sunan da ke ƙarƙashin Display adapters a Device Manager, ya je Details, ya zaɓi Hardware Ids: VEN_8086 na Intel ne, VEN_10DE na NVIDIA, VEN_1002 kuma na AMD. Sikirin da ya lalace da gaske yakan nuna layuka ko tabo tun a BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi.

Mai tambaya, daga Gwale:
Alhamdulillah, na bi matakan, kuma yadda Injiniya ya faɗa haka na tarar. Yanzu allon yana kan 1920 x 1080, haske yana raguwa, sai dai rubutun ya yi ƙanana da yawa ga idona. Shin in mayar da shi ƙasa?

Ɗalibar Rijiyar Zaki:
A'a, Malam, ka bar shi a nan, don rage shi zai sa rubutu ya yi hazo. A wannan shafin na Display, ka ɗaga Scale and layout zuwa 125% ko 150%. Kuma ka sani cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka ka ajiye kwafin direban da na takardunka a filash.

Mai tambaya, daga Gwale:
Na sa 150%, kuma ya yi daidai. Allah ya saka muku da alheri.